Rigar Juma'ar Baba da Kwikwiyon Bariki

Jikana ne ya tayar mini da wannan magana. Ya shigo gida rungume da ɗan kwikwiyo kamar mai jego, wai na ƙasar waje ne, wai har da takardar haihuwarsa. Ni kakansa ba ni da takardar haihuwa, ga kare da tasa, har da hatimi. Ya zauna a bakin tabarmata yana latsa waya, yana karanto mini yadda ake renon kwikwiyo: wai a makonnin farko a riƙa zagayawa da shi ya ga mutane iri-iri, ya ji ƙarar keke da babur, ya saba da yara da tsofaffi, domin abin da ya koya a lokacin nan shi zai riƙe har mutuwarsa. Na ce, "Sannu, likitan karnuka. Wayar ce ta gaya maka?" Ya ce, "Tsoho, wannan ilimin zamani ne, ku ba ku same shi ba." Na ce to, madalla. Bai san yana gaban shehin malamin wannan fanni ba ne. Ɗalibi ɗaya tak na yaye a rayuwata, ya kuwa ci jarrabawa, abin da ni malaminsa ban taɓa yi ba. Bakina bai iya gaya wa yaron ba, shi ya sa na nemi biro. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya yi haƙuri, aji uku na yi a elemantare, na ukun ma sau biyu.

A unguwar Gwallaga ta cikin garin Bauchi aka haife ni, a gidan dukawa. A lokacin in ka tsaya a ƙofar gidanmu da hantsi kana iya gane kowane gida da ƙararsa: nan ana daka, can maƙeri yana dukan ƙarfe, can gaba masu bugu suna buga baƙin yadi har ƙasa tana amsawa. Ladan da maƙogwaronsa yake kiran salla, kuma ana ji har bakin ganuwa. Yanzu lasifika huɗu ne a kan kowane masallaci, amma babur ya hana a ji ko ɗaya. Zaurenmu kullum warin jima yake yi, da bagaruwa, da man shanu da ake shafa wa fata. Baba yana zaune a kusurwa da basilla, yana ɗinka gafaka ko kube, ba ya magana sai in magana ta zama dole. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. "Kai" nake a bakinsa, "wannan yaron" a bakinta. Bayan magariba ake fito da akushi zaure, Baba da ƙannensa biyu da ni mu kewaye shi, ba mai cewa uffan. In akwai nama a miya, Baba yakan tura ɗan yanki da yatsa zuwa gabana ba tare da ya dube ni ba. Iyakar ƙaunar da na san ya nuna mini ke nan, kuma ta ishe ni. Yaran yanzu kowa da farantinsa da cokalinsa, uba yana ce musu yana son su da baki kamar mai neman aure. Ba su san abin da na rasa ba, don ba su taɓa samunsa ba.

Da makaranta ta gaji da ni ta sallame ni, na koma zaure, basilla ita ma ta gaji da ni. Ina ta gantali a kasuwar Wunti wani kuku ya ji ina yi wa abokaina burga da ɗan Turancin da na tsinto. Dattijo ne Kirista, mutumin kudancin ƙasar Bauchi, ya daɗe yana dafa wa Turawa abinci a Bariki, wato inda kuke ce wa Jiyare yanzu. Ya ce, "Yaro, Madam yana neman boyi mai jin Turanci." Hausarsa ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinsa. Na bi shi ina ganin na zama akawu. Da muka isa, matar Baturen ta fito baranda da kwando, ta buɗe tawul, sai ga ubangidana a ciki: ɗan kwikwiyo baƙi, kunnuwa a kwance, bai fi tafin hannuna biyu ba. Sunan da ta sa masa ya fi ƙarfin harshena, ni da Kuku muka sa masa Sajan.

Da yamma na gaya wa Baba na samu aiki a Bariki. Bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba.

"Aikin me?"

"Kula da kare ne, Baba."

"Kare."

"Na Turawa ne. Ba irin na bola ba."

"Yana lasar hannunka?"

"Wani lokaci. Amma ina wankewa da sabulu."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗaga murya kaɗan ya ce wa Inna daga yau a zuba wa wannan yaron nasa a tasa daban. Da aka fito da akushi, aka ajiye mini 'yar tasata a bakin ƙofar zaure, wajen takalma. Na ci ina jin ƙarar hannuwansu a bayana. Tun daga ranar ba ni da wani buri a duniya sai in mayar da hannuna cikin akushin nan. Kuma da yake ni mai zurfin ilimi ne, sai na yanke cewa hanyar ita ce in ƙware a aikin, har labari ya iso Gwallaga cewa Bature yana yabon ɗan baduku.

Madam tana da littafi guda a kan renon kare, tana bin sa kamar yadda malamai ke bin Risala. A kwanakin farko Sajan kukan uwarsa yake yi, sai ta naɗe agogo da kwalbar ruwan ɗumi a tawul ta sa masa a kwando, wai ya ji kamar bugun zuciyar uwar ne. Sau huɗu yake cin abinci a yini, madarar gwangwani da ƙwai da niƙaƙƙen nama, ni mai ba shi kuwa da kokon safe nake kaiwa azahar. Da ya gama ci sai in ɗauke shi da gudu in kai shi gindin wani mangwaro, in tsaya a kansa kamar dogari har ya yi abin da zai yi, sannan in yabe shi in ba shi biskit. Wallahi ni ban taɓa samun yabo a kan wannan aiki ba, kuma na fi shi daɗewa ina yi. In ya yi kuskure a ɗaki ba a dukansa, gogewa ake yi, kuma ba sai na faɗi mai gogewar ba. Dokar Madam ita ce hannun da ke ba shi abinci ba ya dukansa, sannan lada a take ake bayarwa, in an jinkirta ba zai san na mene ne ba. Shi ya sa aljihun gajeren wandona kullum cike yake da biskit, kuma sau ɗaya kawai na ci, sai dai ɗayan nan ya yi ta maimaituwa.

Na koya masa zama, na koya masa zuwa in an kira, na saba masa da abin wuya da igiya, da buroshi, da wanka. Muka sa shi a mota ya ji ƙararta, muka kai shi bargar dawaki, muka kai shi kulob ɗin Turawa, duk Baturen da ya zo ya shafa kansa ya ba shi biskit, 'ya'yansu su ja masa wutsiya. Ni da Kuku da mai ban ruwan fulawa, mu masu kaki, mu ma aka sa mu a cikin mutane. Ba zan yi ƙarya ba, na so ɗan abin nan. In na iso da safe yakan taho da gudu har ya faɗi, ya sa haɓarsa a kan ƙafata. A lokacin a duk garin Bauchi shi kaɗai ke murnar ganina.

Sai muka zo babin da na tabbata ba ya cikin wayar jikana. Madam ba ta son masu babbar riga su shigo mata gida: 'yan koli masu kawo wa Turawa kayan fata, masu kawo ƙara wurin maigida, masu neman aiki. Ta ce tun yanzu da ƙuruciya za a nuna wa Sajan waɗannan ba mutanensa ba ne. Yadda za a yi, wani zai sa babbar riga da hula, ya rufe fuska, ya ɓullo ta bayan shinge, ya zane kwikwiyon da tsumagiya. Da zarar ya yi haushi, mai rigar ya ruga kamar ya ji tsoro, ni kuma in yabe shi in ba shi biskit. Kuku aka ɗora wa sa rigar, amma Kuku ba shi da babbar riga, ni ma ba ni da ita. Madam ta dube ni ta ce ai mutanen gari duk suna da ita, in nemo gobe.

Riga biyu Baba yake da su, ta aiki da ta Juma'a. Ta Juma'ar saƙi ce mai ɗinkin ado na aska biyu, ta gadon mahaifinsa, tana kwance a adaka daga Asabar zuwa Alhamis ba mai taɓa ta. Na yi lissafi irin na 'yan aji uku, na ga kwana shida riga tana zaman banza. Ran Asabar na zare ta na cusa a buhu. Da Kuku ya warware ta ya shinshina, ya ce, "Wannan rigar na wane ne?" Na ce ta wani maƙwabci ce. Ya ce, "Yaro, kare ba da ido yake karatu ba fa, da hanci ne." Na ce masa shi dai ya sa, ilimin kare a bar wa masu shi. Ya sa.

Mako shida muka yi muna wannan. Ranar farko Sajan da ya ga mai riga sai ya tafi da gudu yana kaɗa wutsiya, yana zaton biskit ne. Tsumagiya ta sauka. Ya yi ƙara, ya dawo ya shige tsakanin ƙafafuna yana rawar jiki, ya ɗago yana dubana. Madam ta ce kada in lallashe shi, in jira ya yi haushi. Ran na huɗu ya yi. A mako na uku tun kafin Kuku ya ɓullo gashin bayansa ke tashi, don iska ta riga ta kawo masa labari: shuni, turaren wuta, bagaruwa, da jiɓin mutumin da ya shekara talatin yana sa rigar. Kowace Alhamis in kakkaɓe ta in ninke in mayar adaka, Baba ya sa ta ran Juma'a ya ƙara mata ƙamshinsa, ran Asabar in sake ɗaukowa. Kuku in ya cire ta yakan yi tsaki ya ce, "Allah ya gani, ba ni son wannan aiki." Amma yana yi, ni ma ina yi. Madam ta yaba mini a gaban baƙi, na yi ta addu'a labarin ya kai Gwallaga.

Watanni suka wuce, Sajan ya zama ƙato, ƙirjinsa kamar na ɗan maraƙi. Na bar ɗaukar riga, na ma manta. Wata Juma'a da la'asar ina tsaye a baranda da buroshi, wani ɗan koli mai babbar riga yana can bakin ƙofar shinge, Sajan yana yi masa haushi daga nesa kamar yadda ya saba. Sai ya yi shiru. Ya ɗaga hanci. Na dubi inda yake duba, na hango mutum yana tahowa a hankali ta cikin inuwar itatuwa, da sanda, da rigar saƙi. Baba bai taɓa taka Bariki ba a rayuwarsa. Bayan an sauko daga masallaci ya taho da ƙafa. Ya yi sallama da ƙarfi, irin ta mai shiga gidan mutane.

Sajan bai yi haushi ba. Ya wuce ɗan kolin nan kamar bai gan shi ba, ya yi tsalle ya sauka a ƙirjin Baba. Hula ta yi gefe, sanda ta yi gefe, wani ƙullin ganye da ke hannunsa ya fashe, goro ya watse a ƙasa. Karen ya kama hannun rigar da damtsen da ke ciki yana girgizawa. Na kira shi, bai ji ba. Na ja abin wuyansa, ko motsi. To hanya ɗaya na sani ta raba shi da abin da ya kama. Hannuna ya shiga aljihu, na kai masa biskit hanci, na yi masa muryar nan mai daɗi ta yabo, ina shafa kansa. Ya saki, ya karɓa, ya zauna yana kaɗa wutsiya. Da Baba ya buɗe ido daga inda yake kwance, abin da ya gani ke nan: ɗansa na fari yana shafa kan karen yana ba shi lada.

Kuku ya fito da gudu da ludayi a hannu yana ihu, "Wayyo, rigar ne! Rigar nan ne!"

Baba ya tashi zaune, ya riƙe damtsensa, jini yana bin yatsunsa. Ya ce, "Wace riga, bawan Allah?"

Kuku ya dube ni, ya dube shi, ya ga kamar. Ya durƙusa har ƙasa, dattijo da furfurarsa, ya ce, "Baba, ka yafe ni. Ni ne na sa shi na doki karen. Yaro ya ce na maƙwabci ne." Ya faɗi komai, har da kwanakin.

Madam ta kawo aidin da bandeji, ta ce abin bai yi daɗi ba, amma ai da ya tsaya a ƙofa ya jira. Ta aiko da wata tsohuwar taguwar maigida a madadin rigar. Baba bai karɓi ko ɗaya ba. Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya ce wa Kuku, "Tashi, kai aike ka aka yi." Ni bai dube ni ba. Na bi shi a baya har Wunti, tazarar taku goma a tsakaninmu, bai waiwayo ba, ban matsa ba.

Washegari na same shi a zaure, an ɗaure hannun da magani, yana ɗinke rigar da ɗaya hannun, ya danne ta da gwiwa. Na durƙusa na ce, "Baba, zan kashe karen." Ya ce, "Me ya yi? Karatu aka ba shi, ya riƙe." Ya ja zare ya ciza. "Makaranta sun ce ba ka ɗaukar karatu. Ashe bayarwa ka iya." Na ce, "Baba, me ya kai ka can jiya?" Ya ce, "Rana ta yi, za ka makara. Ubangidanka bai karya kumallo ba." Na tashi. Kunya ta hana ni zaman gidan, na kwashe tabarmata na koma ɗakin boyi a Bariki, kuma ba wanda ya aiko in dawo.

Ina can aka ba mu mulkin kai. An yi kiɗa, an yi maci, 'yan makaranta sun sha shinkafa, an sauke tuta an ɗaga wata. Baturenmu da Madam suka haɗa akwatuna, suka bar wa gidan karensa da boyin karensa. Sabon maigida ɗan ƙasa ne, ɗan boko, ya iso cikin mota da babbar riga fara ƙal. To Sajan ba wanda ya gaya masa an samu 'yanci. Mako guda babban ma'aikacin gwamnati yana shiga gidansa ta ƙofar kicin, ni ina riƙe da igiya. Ran na takwas ya kira ɗan sanda da bindiga. Ni na ɗaure Sajan a gindin mangwaro, ni na haƙa ramin. Ban gama wanke hannu ba maigida ya kira ni ya ce ya ji ni gwani ne, zai kawo sabon kwikwiyo. Wannan karon, in ji shi, ba masu riga ba, masu tsumma da marasa takalmi za a nuna masa, don sun fara damunsa da zuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na manta yadda ake yi." Ya ce to in nemi hanya. Abin da mulkin kai ya kawo mini ke nan, kuma na gode, don shi ya kore ni gida.

Sai dai na makara. Na tarar Baba ya kwanta, ƙannensa kowa ya yi nasa gida, zaure ba kowa. Ba ya iya cin tuwo, kunu ake ɗura masa da ludayi, kuma Inna ce kaɗai yake yarda ta ba shi. Na yi jinyarsa, na ɗaga shi na kwantar, yakan ce mini sannu kamar yadda ake ce wa baƙo mai kirki. Sau biyu na sake tambayarsa abin da ya kai shi Bariki, sau biyu ya rufe ido. Kafin damina ta faɗi ya rasu.

Bayan sadakar arba'in ina zaune a tsakar gida, Inna tana tsince wake a faifai. Na ce, "Inna, ke kin san abin da ya kai Baba can ranar nan?" Ta juya waken a faifan. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Wani ne ya gaya masa a masallaci wai ana yabon aikinka. Ya shigo ya ce in yanka zakara, ya ce goro zai kai wa mutanen da suka riƙe masa yaro. Ya ce in ɗauke tasar nan daga bakin ƙofa, wai yau da kai zai dawo, a akushi za ka ci."

Na ce, "To da ya dawo fa?"

Ta zubar da tsakuwar da ke hannunta. "Da ya dawo ya ce a kai wa maƙwabta zakaran."